Ƙauyen da Aka Haifa a Takarda

Galibin ƙauyukan duniya babu wanda zai iya faɗin ranar da aka kafa su. Wani maharbi ne ya kafa bukka a gindin tsamiya, ƙanensa ya biyo shi da iyali, wani baƙo ya roƙi wurin kwana ɗaya ya zarce shekara arba'in, kafin a farga an sami rijiya da masallaci da makabarta, an kuma sami hanyar da sawun mutane da kofaton jakuna suka shata ba da shawarar kowa ba. Amma akwai 'yan ƙalilan da haihuwarsu ta zo ta wata fuska. Mutum guda ya zauna da alƙalami da ma'auni, ya yanke inda kasuwa za ta ci da inda inuwa za ta faɗa a tsakar gida, tun ba a kwaɓa ƙasar tubalin farko ba. Sabuwar Gurna, wadda ke yammacin Kogin Nilu daura da birnin Luksor a kudancin Masar, tana cikin irin waɗannan. Ni jikan magini ne, kuma tun da na san labarinta zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya a kansa ba. In na goyi bayan wanda ya zana ta, sai mutanen da aka zana wa su tsaya mini a rai. In na koma wajensu, sai ginin ya kira ni.

Dole a fara da tsohuwar Gurna, domin saboda ita aka yi sabuwar. A kan tudun duwatsu take, inda manyan fadawan fir'aunonin birnin Tibis suka sassaƙa kaburburansu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Mutanen Gurna sun gina gidajensu a bakin waɗannan kaburbura, wasu a bisansu, wasu ma sun mai da ɗakunan kabarin turaka ko rumbu ko wurin ɗaure dabbobi, domin cikin dutse akwai sanyi da bazara, akwai ɗumi da hunturu. Abincinsu ma daga tudun yake fitowa. Su ne leburorin da Turawa masu tonon kayan tarihi ke ɗauka, su ne masu gadi, su ne masu sassaƙa 'yan gumakan dutse suna sayar wa baƙi. Wasunsu kuma sukan yi nasu tonon cikin dare, su fito da abin da dillalai ke jira. 'Yan gidan Abdurrasul, mutanen Gurna, sun gano ramin da aka ɓoye gawawwakin fir'aunoni masu yawa a Dairul Bahri, suka yi shekaru suna ɗiba kaɗan-kaɗan kafin asirinsu ya tonu a 1881. Tun daga nan sunan ɓarayin kabari ya manne wa ƙauyen baki ɗaya, da mai laifi da maras laifi. Mu dai mun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma a wannan ciniki wanda ya saya ya kai Landan ko Faris masani ake ce masa.

A tsakiyar shekarun 1940 aka wayi gari an yanke wani sassaƙen dutse ɗungurungum daga bangon kabari an tafi da shi. Hukumar kayan tarihi ta Masar ta ga babu mafita sai a kwashe mutanen, kimanin 7,000, a sauko da su daga tudun. Aka sayi fili mai faɗin eka 50 a cikin gonaki, tsakanin kogi da duwatsu, aka danƙa aikin gina musu sabon ƙauye a hannun wani masanin zanen gini mai suna Hassan Fathi a 1945.

An haifi Fathi a Iskandariyya a 1900, ɗan masu hali ne, ya yi karatu irin na Turai a Alƙahira. Abin da ya dame shi tun kafin Gurna shi ne rufi. Talaka yana iya tayar da bango da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, bai biya kowa ba, amma da ya kai kan rufi sai ya tsaya, domin rufi yana son katako ko ƙarfe, su kuwa sai da kuɗi. Masar ba ƙasar itatuwa ba ce, ga Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shigowar kaya daga waje. Fathi ya gwada rufa ɗaki da tubali zalla a wata gona a Bahtim, kusa da Alƙahira, a 1941, rufin ya rufto. Sai aka ba shi labarin cewa a can kudu, wajen Aswan, Nubawa suna rufa ɗakunansu da tubali ba tare da sun tokare shi da komai ba. Ya tafi ya gani da idonsa, ya dawo da maginansu.

Yadda suke yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan Sabuwar Gurna. Ana ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi na gefe tsawo. Magina biyu su tsaya gabansa, su zana baka a jikinsa da laka, da hannu kawai, mai siffar igiyar da aka riƙe bakinta biyu ta yi lilo, sai dai a kife. Daga nan su fara manna tubali a tsaye yana jingine da bangon. Layin farko gajere ne a kowane gefe, na biyu ya ɗara shi, na uku ya ɗara na biyu, har layukan su haɗu a sama, kowanne yana kishingiɗe a kan wanda ya gabace shi kamar littattafan da suka karkata a kanta. Wannan kishingiɗar ce ke hana tubalin faɗowa kafin laka ta bushe. Tubalin kansa siriri ne maras nauyi, an yawaita masa ƙaiƙayi, an ja yatsu a fuskarsa tun yana ɗanye domin laka ta sami wurin kamawa. Kayan aikin maginin bai wuce hannunsa da gizago ba. Hikimar ba ta jiya ba ce. Rumbunan haikalin Ramsis na biyu, waɗanda aka rufa ta wannan hanya a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, suna nan tsaye har yau, 'yar tafiya kaɗan daga Gurna.

Na fahimci murnar Fathi a ranar da ya ga wannan, domin matsalar da ta hana shi barci ita ce kakana ya rayu da ita. Kakana magini ne a Zariya, garin da har yau ake alfahari da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Maginanmu ma sun san baka, sun san tulluwa, amma ta wata hanya suka bi. Bakan gizo da ɗaurin guga ƙashinsu azara ne: a fasa giginya, a ɗaure azara hawa-hawa tana leƙowa daga bango, a lulluɓe ta da ƙasa har bakan ya haɗu. Azara ta fi ƙarfin gara, amma sai giginya ta yi shekaru masu yawa kafin a sare ta, kuma tun ina yaro nake jin kakana yana ƙorafin cewa azarar kirki ta yi nisa, ta yi tsada. Bakan Nubawa ba ya neman bishiya ko ɗaya. Ga wanda ya tashi a gidan magina, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Da maginan Aswan a hannunsa, Fathi ya zauna ya zana ƙauye. Mutanen Gurna zuriya biyar ne, sai ya raba filin unguwa huɗu da manyan tituna, domin kowa ya zauna kusa da danginsa kamar yadda yake a kan tudu. Daga babban titi sai a shiga lungu mai lanƙwasa wanda ke riƙe inuwa, lungun ya kai ga ƙaramin fili da gidajen dangi ɗaya suka kewaye, daga filin a shiga ɗakin baƙi, daga nan sai tsakar gida. Bahaushen da ya san tafiya daga ƙofar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa shigifa, kafin a kai cikin gida, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya ƙi zana gida ɗaya a maimaita shi sau ɗari kamar barikin soja. Ya so kowane gida ya fito daidai da yawan mutanensa da sana'arsu da dabbobinsu, a lokacin da hukumomin duniya ke ganin gidan talaka lamba ce kawai a cikin lissafi.

A tsakiyar ƙauyen ya ajiye babban dandali. A nan masallaci yake, da ƙubbarsa da hasumiyar da ake hawa ta matakalar waje. A nan masaukin masu sana'a yake, wanda suke kira khan, inda ya yi nufin a zaunar da gwanayen saƙa da sauran sana'o'in hannu su koyar da yaran ƙauyen, domin su sami abin yi in an raba su da kaburbura. Ya yi kasuwa mai rumfuna masu rufin baka, ya yi makaranta, ya yi gidan wasa maras rufi domin wasan kwaikwayo da wasan sandan da mutanen kudancin Masar ke kira tahtib. Bangon mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya raba. A makaranta ya ɗora malƙaf, wata kafa mai kama da bututu a kan rufi, wadda ke kamo iskar arewa ta sauko da ita ƙasa. Har ramin da aka ɗebi ƙasar tubali ya yi masa tanadi: ya tsara a mai da shi tafki mai tsabta inda yara za su yi iyo ba su kwashi tsargiya ba, cutar da ke cin manoman Nilu.

Duk wannan ƙauna ce, ban yi shakka ba. Sai dai akwai irin ƙaunar da ba ta tambaya. Fathi da kansa ya faɗa cewa bai sami damar jin ta bakin matan Gurna ba, alhali su ne ke wuni a cikin gidajen. Bai shigar da ruwa cikin gidaje ba, ya tsara wuraren ɗiba na jama'a, kuma cikin hujjojinsa har da cewa zuwa ɗiban ruwa ne ke ba budurwa damar fita a gan ta. Hujja ce mai daɗin karantawa, amma ta mutumin da bai taɓa ɗora tulu a kansa ba ce. Haka zancen ƙubba. A wajensa ƙubba rufi ne mai sanyi kuma mai arha. A wajen mutanen kudancin Masar kuwa, a kan kabari aka saba ganin ta, kuma tudun da suke zaune a kansa ma sunansa ya samo asali ne daga wani shehi da ke kwance a ƙarƙashin ƙubba a can ƙololuwa. Mu ma in aka ambaci hubbare ba ɗakin amarya ke zuwa mana a zuciya ba. Mutanen da suka yarda su kwana a cikin kabari na gaske sun ƙi kwana a ɗakin da ya yi kama da kabari, kuma ban ga saɓani a cikin wannan ba: wancan su suka zaɓa, wannan zaɓa musu aka yi.

Babbar matsalar ma ba ta siffar rufi ba ce. Mutanen ba su nemi a tashe su ba. A kan tudu suna da sana'a, suna da iska, suna nesa da ambaliya da sauro, ga shi annobar zazzaɓin cizon sauro ta yi ɓarna mai yawa a kudancin Masar 'yan shekaru kafin nan. A ƙasa kuwa an ba su gida a tsakiyar gonakin da ba nasu ba. Fathi ya sa rai za su fito su yi gayya, su buga tubalin gidajensu da hannunsu, kuɗin aikin ya sauko. Ba su fito ba, domin wanda ya taya ginin ya yarda da tashin ke nan. Ma'aikatan gwamnati a Alƙahira, waɗanda suka saba da 'yan kwangila da siminti, suka riƙa jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Kwalara ta ɓarke a Masar a 1947. Sannan aka sami ɓaraka a jingar da ke tare ruwa, ruwa ya malale filin, kuma Fathi ya tabbata da gangan aka fasa ta. Zuwa 1948 aiki ya tsaya. Manyan gine-ginen jama'a sun tashi, amma ƙaramin ɓangare ne kawai na gidajen aka gama.

Abin da ya biyo baya yana da ban dariya mai ɗaci. Marubuci Fathi Ganim ya gina ƙagaggen labarinsa mai suna Al-Jabal, wato Dutse, a kan wannan rikici, aka kuma mai da shi fim. Hassan Fathi ya rubuta nasa bayanin, aka buga a Alƙahira a 1969, sannan Jami'ar Chicago ta sake buga shi a 1973 da sunan Architecture for the Poor, ma'ana tsarin gini domin talaka. Littafin ya zaga duniya. A 1980 aka ba shi lambar girma ta Aga Khan da kuma ta Right Livelihood, aka gayyace shi har New Mexico a Amurka ya gina masallacin ƙasa. Ƙauyen da aka ƙi shiga shi ya ɗaukaka sunansa, kuma da yawa daga gidajen da ya zana bayan haka na attajirai ne masu sha'awar ƙubba. Ya rasu a 1989.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira na hau jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, na tsallaka Nilu a jirgin fito. Ƙauyen yana bakin hanyar da motocin masu yawon buɗe ido ke bi zuwa gumakan Memnon da Kwarin Sarakuna, kuma yawancinsu ba su san sun wuce shi ba. Ni ma sai da na yi tambaya sau biyu, domin abin da ya tare mini ido benaye ne na kankare da jan bulo, rodi ya yi cirko-cirko a samansu yana jiran hawa na gaba. A tsakaninsu ne ƙubbobin ke leƙowa, launin ƙasa, kamar tsofaffi a taron samari. Gidajen sun cika tuntuni, da wasu mutanen Gurna da baƙi daga wasu wurare. Na shiga masallacin da azahar. Ban taɓa jin sanyi irin wannan a ɗakin da babu fanka ba, sai a zauren kakana. Haske yana saukowa ta ƙananan tagogin da ke gindin ƙubba, bai kai ya dami ido ba, kuma babu ado ko kaɗan in ban da siffar ginin kanta.

Da aka sallame wani dattijo ya tambaye ni ko daga Sudan nake. Na ce daga Nijeriya. Ya ja ni gidansa shan shayi, ɗaya daga gidajen asali da suka rage. Na yaba rufin, ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan yabo, ya kama hannuna ya kai shi gindin bango. Ƙasar ta yi laushi, farin gishiri ya fito mata kamar kanwa, tana marmashewa a yatsa.

Na ce, "Ya Hajji, ba a iya gyarawa?"

Ya ce, "Ana gyarawa, ya ustaz, kowace shekara, kowace shekara kuma yana dawowa. Sannan ina da 'ya'ya maza uku. In sun yi aure ina zan sa matansu? Fili babu, kuma ba a ɗora ɗaki a kan ƙubba. Baƙi suna zuwa da kyamara su ce kada mu taɓa komai. Ban ga wanda ya ce zai kwana ba."

Rimar da ke cin bangonsa tana da tarihi. Fathi ya yi gini ne a zamanin da Nilu ke cika ya janye, ƙasa ta bushe tsakanin ambaliya da ambaliya. Da aka gama babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, ban-ruwa ya zama na duk shekara, gonakin rake da ke kewaye da ƙauyen ba su ƙara bushewa ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Ƙauyen ba shi da magudanar ƙazanta, mutane kuma sun ninka, famfo ya shiga gidaje. Harsashin dutse ya riƙa tsotso ruwa mai gishiri yana miƙa wa tubali. Ginin ƙasa yana jure komai muddin ƙafarsa a bushe take kuma kansa a rufe. A Gurna ƙafar ce ta jiƙe, da dalilin da ba ya cikin lissafin kowa a 1945.

Da na koma gida hutu na kai wa kawuna hotunan. Shi ne ya gaji kakana a sana'a, ko da yake yau bulo da siminti yake ɗorawa kamar kowa.

Na ce, "Kawu, dubi wannan rufin. Babu azara ko ɗaya a cikinsa."

Ya daɗe yana juya hoton. Sai ya ce, "Ana ruwa a garin nasu?"

Na ce, "Da ƙyar, Kawu. Shekara takan wuce ba a ga ɗigo ba."

Ya ce, "Shi ya sa suka bar bayansa tsirara. A nan watan Agusta ɗaya ya ishe shi. Amma wanda ya ɗora wannan gwani ne, a gaishe shi."

Tambayar kawuna ita ce wadda wasu matasan masana gini da suka yi aiki tare da Fathi suka tarar a gabansu lokacin da ƙungiyarsu, Development Workshop, ta kawo bakan Nubawa Jamhuriyar Nijar a farkon shekarun 1980, da sunan gini ba da itace ba. Dole suka gyara shi domin ƙasar da ake ruwa: a cike kafaɗun bakan, a karkata rufin, a sa indararo, a kula da yaɓe. Aka horar da magina a Nijar da Mali da Burkina Faso, daga baya wata ƙungiyar da aka kafa a 2000 ta ci gaba da yaɗa shi. Bambancin da na gani shi ne a nan ba a tashi kowa daga gidansa ba. An koya wa magini hannu, aka bar mai gida ya nema in yana so.

Ina da dalilin da ya sa maganar dattijon Gurna ta zauna mini. Zauren kakana babu shi yau. Bayan rasuwarsa ya yi shekaru yana tsaye, da zankwayensa da zanen da ke goshin ƙofarsa, sannan dangi suka taru aka rushe shi aka yi shaguna uku na bulo. Na ji zafin abin, har yau in na bi ta wurin nakan kawar da kai. Amma na san lissafin da aka yi. Ginin ƙasa bashi ne da ake biya kowace shekara kafin damina, da yaɓe da makuba da hannuwa masu yawa. A zamanin kakana hannuwan suna cikin gida, ba a biyan su sai da tuwo. A zamaninmu sun watse Kaduna da Abuja da Legas, wanda ya rage sai ya ɗauki lebura. Ƙasa kyauta ce, amma arhar ginin ƙasa a jikin jama'a take, kuma Fathi ya san haka sarai, shi ya sa duk lissafinsa ya rataya a kan gayya. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne ba a yin gayya da umarnin hukuma.

Yau Sabuwar Gurna kayan tarihi ce ita ma. Tana cikin yankin Tibis da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. A 2009 hukumar ta fara shirin ceto ƙauyen, a 2010 kuma Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sa shi a jerin wuraren da ke cikin haɗari. A 'yan shekarun nan an gyara masallacin da khan da gidan wasa, kuma na yi murna, domin waɗannan na kowa ne, ba sa hana ɗan kowa aure. Gidajen ne ke da wuyar sha'ani. Kakannin wasu daga mutanen nan an ce su tashi domin gidansu yana kan kayan tarihi, jikokin kuma ana ce musu kada su taɓa bango domin gidansu ya zama kayan tarihi. A ganina duk mai son ƙubbobin nan su tsaya, ni ma ina cikinsu, sai ya fara da abin da ba ya fitowa a hoto: a janye ruwan ƙasa, a haƙa magudana, a samar wa 'ya'yan gidan filin da za su yi nasu ginin. In an yi wannan, ana da bakin roƙon dattijon ya bar rufinsa.

Tsohuwar Gurna kuwa ta kai ƙarshen 2006 tana kan tudunta. A lokacin ne gwamnati ta kawo katafila, aka kwashe mutanen zuwa sababbin gidajen siminti a wajen al-Tarif, can arewa a bakin hamada, aka rushe kusan dukan ƙauyen cikin 'yan shekaru. Gidajensa sun yi suna da zanen aikin hajji: in mutum ya sauke farali sai a zana masa Ka'aba da raƙumi da jirgin ruwa ko na sama a bangon ƙofar gida, a rubuta sunansa da shekarar. Yawancin waɗannan sun bi ƙura. Da la'asar ɗin ranar da na sha shayin dattijon na hau tudun. Fili ne fetal, sai ramukan kaburbura masu ƙofofin ƙarfe da lambobi, da ɓaraguzan yaɓe masu launin shuɗi da rawaya a cikin tsakuwa. Wani mai gadi ya buɗe mini kabarin Menna, wani magatakardan gonakin fir'auna, inda aka zana ma'aikata suna auna gonar hatsi da igiya, launin kamar jiya aka shafa. Da muka fito ya nuna mini wani wuri da sandarsa, 'yan taku kaɗan daga ƙofar kabarin, ya ce a nan ɗakin mahaifiyarsa yake, a nan aka yanke masa cibi. Yanzu a kan babur yake zuwa aiki kowace safiya, ya koma kafin magariba.